Mama, Ciwonki Ya Same Ni

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Lami,

Gaisuwa da girmamawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina hutawa a inda babu ciwo. Ni ce Rifkatu, autarki. Tun da muka binne ki a Bukuru ban taɓa rubuta miki komai ba. Yau dole ta sa, domin akwai maganar da ke kaɗai za ki gane.

Mama, ciwonki ya same ni.

Ina sakandare lokacin da naki ya fara. Kina tsaka da dafa gwate sai ki tsaya da ludayi a hannu, ki juya kina amsa wa wanda ba ma gani. Dangi suka ce aljanu ne. Baba ya kai ki wani gidan addu'a a bayan duwatsu, suka sa miki sarƙa a ƙafa, suka ɗora ki a kan azumi. Ranar da na kawo miki abinci aka hana ki ci, kika dube ni kika ce, "Ban bar Yesu ba, kaina ne ya bar ni." Kunyarki nake ji a lokacin. Ki yafe mini.

Bayan rasuwarki na auri Iliya, kafinta ne, mutumin kirki. Allah ya ba mu 'ya, Na'omi. Tana da wata huɗu na fara jin muryar. Muryar mace ce, ba ta ihu, a hankali take kiran sunana, kamar maƙwabciya ta bayan katanga. Sai ta ce mutanen coci maganata suke yi. Sai ta ce za a ƙwace mini Na'omi idan ban ɓoye ta ba. Iliya bai tsaya shawara da kowa ba, ya kai ni asibiti. Likita ya saurare ni har na gama, ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, ya rubuta magani. Maganin ya sa hannuna rawa, ya sa ni yawan barci, amma muryar ta yi nisa.

Da ma a nan labarin ya tsaya.

Akwai wata dattijuwa a zumuntar matan cocinmu, tana ƙaunata, ita ta yi mini wankan jego a madadinki. Ta ga ƙwayoyin a jakata, ta riƙe hannuna ta ce wadda ta ba da gaskiya ba ta buƙatar wannan. Ni kuma, Mama, na gaji da zama marar lafiya. Na zubar da su a masai. Ranar Lahadi na tsaya gaban ikilisiya na ba da shaida cewa na warke. Aka yi guɗa, aka yi tafi.

Sati uku bayan haka, da rana tsaka, Iliya ya tafi kasuwar Katako sayo katako, na goya Na'omi na fita sayen dankali. Ban san yadda aka yi ba. Da hankalina ya dawo, a bakin tafkin tsohon ramin haƙar kuza na ga kaina, can ta hanyar Rayfield, ruwa ya rufe mini idon sawu, takalmina ɗaya babu. Na'omi tana barci a bayana. Wata Hajiya da ke wanke karas a wurin ce ta riƙe bakin zanena, tana cewa, "Baiwar Allah, dawo ki zauna, ruwan nan yana da zurfi." Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwance yarinyar, ta rungume ta, ta nemi Iliya a wayata.

Har yanzu ban san taku nawa ya rage ba.

Na koma kan magani. Fasto ya zo gida, na ɗauka zai ce a fitar da aljani. Sai ya laluba aljihu ya ciro maganinsa na hawan jini ya ajiye kusa da nawa, ya ce shi ma kullum sai ya haɗiya, kuma bai fasa zama fasto ba. Ya yi mini addu'a, ya miƙo mini ruwa da hannunsa na sha ƙwayar a gabansa.

Amma tsoro bai tafi ba, Mama. Wanda ya fi damuna ma ban faɗa wa kowa ba: ina tsoron yin shiru gaban Allah. Ke kika koya mini in rufe ido in saurara bayan addu'a. Yanzu idan na saurara na ji wani abu, ta yaya zan san wa ke magana? Don haka da ido buɗe nake addu'a, da ƙarfi, Iliya yana zaune kusa.

Ba na yi wa Na'omi wanka ni kaɗai. Ni na roƙi a yi haka, duk da haka yana ci mini rai in ga ƙanwar Iliya tsaye a ƙofa tana kallon hannuna. Idan yarinyar ta ƙura wa bango ido tana dariya, sai in tuna da ke. Daga ke zuwa ni. Daga ni zuwa wa?

Jibi Lahadi. Na gaya wa fasto zan sake tsayawa gaban ikilisiya in gyara shaidata. Zan ce ban warke ba, ina shan magani, kuma Ubangiji bai yashe ni ba. Na san wasu za su janye 'ya'yansu idan na wuce. Amma akwai wata matashiya a ƙungiyar mawaƙa da na ga tana toshe kunne ɗaya ana tsaka da wa'azi, kuma tana cikin waɗanda suka yi mini tafi. Ina tsoron abin da shaidata ta farko za ta sa ta yi.

Ya Yesu, ka riƙe hankalina idan ni na kasa riƙe shi. Ka tsare Na'omi, ko daga hannuna ne. Ka ba ni murya jibi, ko da rawa take yi. Ka kuma ba mahaifiyata hutun da ba mu iya ba ta ba. Amin.

Ki huta lafiya, Mamana.

'Yarki mai kewarki,
Rifkatu