Takardar Yayana Ta Faɗo Teburina

Anti, don Allah ki taimake ni. Abin nan ya tsaya mini a wuya, kuma duk wanda na faɗa wa cikin mutanena na ci amanar aikina.

Shekarata shida ina aiki a ofishin lissafi na wani asibiti. Ni ba likita ba ce, ko allura ban iya ba. Aikina shi ne in ɗauki abin da likita ya rubuta game da mara lafiya in mayar da shi lamba, domin kamfanin inshora ba ya karanta dogon bayani, lamba yake dubawa ya biya. Kowace cuta da lambarta. Motsewar tsoka ma, wato naman jiki ya riƙa ramewa yana rasa ƙarfi, ba lamba ɗaya gare ta ba. Ta cinya daban, ta kafaɗa daban, ta tafin hannu daban, sannan dole ki nuna dama ce ko hagu. Wadda filasta ko doguwar kwanciya ta jawo ba ta ɗaga mini hankali, domin yawanci takardar gashin ƙashi ce ke biyo bayanta, mutum ya murmure. Amma in likita yana zargin jijiya, awo yake nema. A gida har tsokanata ake yi, wai ko tari mutum ya yi sai na ba shi lamba.

Mako bakwai da suka wuce ina cikin aiki, fanka na ta kaɗa mini takardu, na danne su da kofin shayi, na jawo ta sama. Har na gama sa lambar: motsewar tsoka, tafin hannu, dama. Sai a lokacin idona ya kai kan sunan. Yayana ne, Anti, uwa ɗaya uba ɗaya.

Gyaran wutar lantarki yake yi, kullum yana kan tsani. Da hannun nan na dama yake riƙe filaya, da shi yake ciyar da 'ya'ya huɗu, da shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba har na gama makaranta. Likita ya rubuta ya dawo cikin mako biyu a yi masa awon jijiya. To duk awon da aka yi a asibitinmu sai takardarsa ta ratsa ofishinmu. Kowace safiya nakan bincike tarin da ke gabana, har na abokiyar aikina nakan leƙa da sunan ina neman biro. Mako bakwai shiru. Bai je ba.

Tun da na sani kuma sai idona ya buɗe. Tsakanin babban yatsansa da manuni ya lotsa kamar an ɗebe da cokali. Ran Asabar a gidan Mama ya kasa buɗe murfin gorar ruwa, ya miƙa wa matarsa yana dariya, wai ƙarfinta yake gwadawa. Makullin mota da hannu biyu yake murɗawa. Na tambaye shi lafiyar hannun, ya ce ga auta ta zama likitar dole, kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Mun sa hannu a wurin aiki cewa abin da muka gani a takarda ba ya fita daga ofis. In aka ji, korata za a yi, kuma da gaskiyarsu. Amma na riga na yanke. Ba zan zauna ina jiran wata takarda ta iso da lambar wanda ya faɗo daga tsani ba, don ita ma na haddace ta. Niyyata ran Asabar mai zuwa in faɗa wa Mama a gaban kowa, domin ita kaɗai ce ke ce masa jeka ya tafi. Shiru dai na gama da shi. Ki faɗa mini ta inda zan fara.

Taki,
Auta mai sa lamba

Ƙanwata,

Na yarda da ke a kan shirun, ban yarda da ke a kan Asabar ba.

Ki duba ta ɓangarensa. Mutumin da abincinsa ke tafin hannunsa, aka ce masa hannun na motsewa, ba taurin kai ne ya hana shi komawa ba, tsoro ne. Yana gudun ya ji abin da zai sauke shi daga tsani. In kika tona shi a gaban mahaifiyarku da matarsa, wataƙila ya je awon, amma zai sauya asibiti, kuma ba zai ƙara yin ko atishawa a gabanki ba. Sirrin nasa ne. Ba na Mama ba ne, ba naki ba ne.

Don haka gobe ki fara da shugabarku. Ki gaya mata takardar ɗan'uwanki ta faɗo hannunki ba da saninki ba, ki nemi a mayar da fayil ɗinsa wurin wata. Leƙen teburin abokiyar aikinki kuma ya tsaya daga yau. Ganin farko tsautsayi ne, amma na kullum safiya bincike ne, kuma shi ne zai iya cin aikinki.

Sannan ki same shi shi kaɗai, a shagonsa ko a mota. Kada ki fara da lamba. Ki fara da gorar ruwa da makullin mota, waɗannan da idon ƙanwa kika gan su. Daga nan ki faɗa masa gaskiya cewa takardar ta biyo ta gabanki, kuma ba ki gaya wa kowa a gida ba. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Ni ma ba likita ba ce, kuma lambarki sunan abin da aka gani kawai ta faɗa, ba ta faɗi ƙarshensa ba. Wasu matsalolin jijiya ana shawo kansu in an kama da wuri, shi ya sa mako bakwai ya isa haka. Ki roƙe shi abu biyu: ya sa ranar awo a gabanki, kuma ya tambayi likita ko hawa tsani ya dace da shi a yanzu. In ya ƙi, ki koma jibi, ki sake komawa gata. Wanda ya riƙe ki har kika gama makaranta ya cancanci ki dame shi.

Kin yi mako bakwai kina jiran takardar awon nan a kan tebur. Ranar da za ta fito, ki ɗauki hutu. Wata ce za ta sa mata lamba, ke kuwa kina kan benci kusa da shi, riƙe da katinsa.

Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya tsare miki aikinki, Ya bar ku tare.

Antinku