Injin Ɗumama Ɗakin Inna

Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Da fatan ciwon bayanka ya yi sauƙi. Mu nan Plumstead, ƙasar Turawa, lafiya, sai sanyi.

A kan Inna nake rubuto maka. Tun da boiler ɗinmu mai ɗumama gida ta mutu gwiwoyinta suka kumbura, yanzu a zaune take salla. Mai gyara ya ce mu sa heat pump marar bututu. Yaya, kamarsa ɗaya da AC ɗin da kake ɗaura wa mutane a Zariya, guda a ɗaki, guda a waje, sai dai shi ɗumi yake hurowa. Inna na ganin hotonsa ta ce, "Binta, AC za ki sa mini cikin wannan ƙanƙarar? Mayar da ni gida kawai."

Iri uku mai gyaran ya nuna mini, ya ce wani ƙarfinsa raguwa yake in sanyi ya tsananta. Na rasa wanda zan ɗauka. Ga council, wato ƙaramar hukumarmu, sun ce kada a maƙala komai a bangon waje sai sun amince, na nemi izini, yau mako huɗu shiru.

Don Allah duba hotunan da na tura maka, ka zaɓa mini. Ka kuma kira Inna, maganarka kaɗai take ji. Jiya na tarar da ita tana ninke kayanta cikin akwati.

A sa mu a addu'a. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Ƙanwarka,
Binta