Kwalbar Man Shanu da Hoton Hantata

Zuwa ga maigidana, babban jikana,

Ina gaishe ka, amma gaisuwar ba ta kai zuci ba. Ya babanka da ƙannenka? Ya kajina? Ni lafiya lau nake, kada kowa ya ta da hankalinsa.

Shekaranjiya gwaggonka ta hana ni karin kumallo, ta kai ni asibiti hoton ciki. Na ce wa likita, "Yaro, in ka ga jariri ka rufa min asiri." Ya yi dariya, ya shafa min wani abu mai sanyi a haƙarƙarin dama, ya ce in riƙe numfashi. Sai ga hantata a allo, ta fi ƙodar da ke gefenta haske. Ya ce kitse ne ya sa. Na ce ni fa ganye kawai nake ci.

Muna dawowa gidan gwaggonka, inda nake zaune yanzu, ko lalube ba ta yi ba. Kai tsaye ta farke matashina ta zaro kwalbar man shanu. Wa ya san wurin? Kai ka ɗinke ta a ciki da hannunka, kana rantsuwar ba mai ji.

Yanzu ta ce tunda haka nake, ba zan dawo wurinku ba sai an sake hoto an ga hasken ya ragu. Ba a sa rana ba. Ɗakin nan shiru ya yi masa yawa, ba wanda zan tsokana.

Na san tsoron mutuwata ka ji, shi ya sa ka tona min asiri. Duk da haka ka aiko min da takardata, ƙaninka zan aura. Ka ce masa ya ba kajina ruwa.

Allah ya yi maka albarka, munafiki.

Kakarka