Kada a Sayar da Kalangun Baba

Makka, 1964

Yaya Sabo,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, kafaɗa ce kawai ke ƙorafin dakon ruwa.

Yaya, na ga abin mamaki. Wani alhaji Ba'indiye da ya girma a ƙasarsu kusa da ɗakin bautar 'yan Hindu ya kifa faranti ya buga mini kiɗansu. Ya ce can rawarsu ta samo asali, ganga ta yi magana, ƙafar mai rawa ta amsa. Wallahi ni da na bar kiɗa, sai ga hannuna yana bin sa.

A da na ce a sayar da kalangun Baba. Don Allah a fasa.

Ƙaninka,
Tsoho