Ni Na Ce Wa Goggo Kada Ta Taɓa Komai

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Gyaran kwamfuta nake yi a shagon maigidana, wanda ya koya mini sana'ar tun ban iya riƙe sukundireba ba. Manhajojin da muke zuba wa kowace kwamfuta a dunƙule suke zuwa, kuma a ciki akwai wani hoton barkwanci. Idan aka bar kwamfuta ba a taɓa ba, sai fuskarta ta yi ja, ta rubuta wai ana goge komai, lamba tana hawa. Da an motsa linzamin kwamfutar, wato maus, sai ya ɓace. Maigida na mutuwar son abin, yakan yi dariya har da hawaye.

Goggona, wadda ta raine ni, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Na haɗa mata kwamfuta, na zuba mata hotuna da muryar mijinta, marigayi Kawu. Da bakina na gargaɗe ta cewa in ta ga baƙon abu kada ta taɓa komai, ta kira ni. Da hoton ya fito mata, ta kira kuwa, wayata a kashe. Haka ta zauna hannu a cinya tana kallon lambar har ta cika. Jininta ya hau, sai da aka kwantar da ita. Yanzu ta lulluɓe kwamfutar da zane, ta ce ita ta goge muryar mijinta. Na kasa faɗa mata wasa ne.

Na roƙi maigida mu cire abin, ya ce haka masu manhajar suka sako shi, wai na fara koya masa aiki. Tun daga ranar, da ƙyar yake amsa gaisuwata. In na nace, ina tsoron ya sallame ni.

Mai Gyara Cikin Damuwa

Ɗana, sannu. Maigidanka ba mugu ba ne, masu sana'a kowa da irin wasansu. Sai dai wasa na wanda ya san wasa ne, kuma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Wanda ya fi tsoron kwamfuta shi ne ba zai taɓa linzamin ba, don haka a kansa abin yake ƙarewa. Mai so ya saka da hannunsa, amma kada a cusa wa kowa.

Kada ka yi musu da shi gaban abokan aiki. Same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ka ba shi labarin Goggo yadda ka ba ni, don na lura roƙo ka yi, ba ka faɗi dalili ba. Ka ce ya bar abinsa a kwamfutar shago. In ya ƙi, duk kwamfutar da ta bi ta hannunka ka kashe abin a cikinta, kuma ka sanar da maigidan.

Amma Goggo ce gaba, yau ba gobe ba. Kunyarka ba ta kai ciwonta ba. Yaye zanen, ka nemi gafararta, ka ɗora hannunta a kan linzamin, ita da kanta ta kunna muryar Kawu. Allah ya ba ta lafiya, ya daidaita ka da maigidanka.