Sunan Da Na Kasa Faɗa

Daren Litinin, 9 ga Sha'aban

Gobe kotu a Kusada, ko tuwo na kasa ci. Ƙannen marigayi mijina sun ce ɗanmu Sadiƙu ba ɗansa ba ne, takardar haihuwa ce hujjarsu.

Ranar da aka rubuta ta a Kankiya, ma'aikaciyar ta ce, "Sunan maigidan fa?" Ni da ban taɓa kama sunan mijina ba, sai na sunkuyar da kai. Yayana Lawal da ya raka ni ya ɗauka shi ake tambaya, ya faɗi nasa, aka rubuta shi a matsayin uba.

Limamin da ya raɗa wa yaron suna ya rasu. Cikin shaidu saura wanzami, shi ma ya fara ruɗewa.

Ɗazu na rufe ƙofa na gwada: "Haruna." Ya Allah, gobe a gaban alƙali zan fara kiransa, yanzu da ba zai amsa ba.