Yatsun da Ka Manta a Kafaɗar Inna

Zuwa ga ƙanena Bahauddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya Inna da ƙafa, ya amarya Zara? Ni nan Alƙahira lafiya lau, karatu sai godiya. Kada ka gaya wa Inna na rame, abincinsu ne bai karɓe ni ba.

Hoton bikin Zara ya iso, kuma raina ya ɓaci. Bahauddeen, ina Mama Ujunwa? Zara ta ce kai ka goge ta da wayarka, wai ba ta sa anko ba, ta ɓata hoto. Ta ɓata hoto! Yaushe za ta sa anko, matar da ta wuni gaban murhu tana dafa shinkafar da abokanka suka cinye? Ita ta riƙe wa Inna shago a kasuwar Sabon Gari duk zaman jinyar Baba. Kai kanka ta goya ka kana majina. Yau ka sa yatsa ka share ta kamar bokitin wanki.

Ni da ban samu bikin ba, hoton nan kaɗai gare ni. Shi nake buɗewa in na dawo ɗaki ba mai ce min sannu.

Gwanintar taka ma ba ta kai ba. Duba kafaɗar Inna ta hagu: yatsun Mama Ujunwa suna nan riƙe da ita. Allah Ya shirye ka. Ka turo min sauran matar yau.

Yayarka,
Yagana